TIRO: BAWAN DA YA ZAMA MAGATAKARDAN SISERO

Duk ɗalibin da ya taɓa nazarin tarihin Rumawan da ba zai rasa sanin sunan Sisero ba, mutumin nan da ya yi fice a birnin Rum wajen aikin lauya da siyasa da fasahar jawabi. Yau fiye da shekara dubu biyu ke nan da kashe shi, amma har yanzu akwai jawabansa 58 da wasiƙu kimanin 900, nasa da na abokan hulɗarsa, waɗanda ake karantawa a jami'o'in duniya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, da yawa daga cikin rubuce-rubucen nan ta hannun wani bawa suka bi kafin su kai ga mutanen baya. Sunan bawan Tiro. Shi ne ya yi wa Sisero aikin magatakarda har ranar da mutuwa ta raba su, shi ne kuma marubutan da suka biyo baya suka danganta wa ƙago rubutun gaggawa a Rum, watau hanyar nan ta rubuta magana da gajerun alamomi, yadda hannun mai rubutu zai iya tafiya daidai da bakin mai magana.

Mafi yawan shekarun da ke cikin wannan tarihi kafin haihuwar Annabi Isa ne, saboda haka a juye ake ƙirga su. Shekara ta 63 ta riga shekara ta 53, ita kuma ta riga ta 43.

ASALINSA DA HALIN BAYI A RUM

An haifi Sisero a shekara ta 106 kafin Miladiyya a garin Arfinum, wanda yake kimanin kilomita 100 kudu maso gabas da birnin Rum. Masana tarihi da yawa suna ganin Tiro bacucane ne na gidan, watau cikin bauta aka haife shi, ba a fagen yaƙi aka kamo shi ba. Ma'anar sunansa a harshen Latin ita ce kurtun soja, ko kuwa sabon shiga a wata sana'a. Wani malamin Kirista mai suna Jerom, wanda ya rayu shekara ɗari huɗu bayansa, ya rubuta cewa Tiro ya kai shekara ɗari a duniya, ya kuma ajiye labarinsa a shekara ta 4 kafin Miladiyya. In aka bi wannan lissafi, to, kusan tsara ne da ubangidansa. Amma a wata wasiƙa ta shekara ta 50 Sisero ya kira shi saurayi, don haka waɗansu masanan suka fi karkata ga cewa an haife shi ne wajen shekara ta 80.

A zamanin nan ƙasar Italiya cike take da bayi, gama yaƙe-yaƙen da Rumawa suka yi a Girka da Asiya Ƙarama da Arewacin Afirka sun kawo dubban kamammu kasuwa. A idon shari'ar Rum bawa dukiya ne kamar doki ko gona. Waɗanda aka kai manyan gandaye da ramukan haƙar ma'adinai su suka fi shan wuya, waɗansu ma da sarƙa a ƙafa suke aiki. Daga shekara ta 73 zuwa ta 71 bayi suka yi babban tawaye a ƙarƙashin Sifatakus, da aka murƙushe su kuwa sai aka gicciye mutum 6,000 a gefen hanyar da ta tashi daga Kafuwa zuwa Rum.

Amma akwai wani rukuni na bayi da rayuwarsu ta bambanta, su ne bayin cikin gida masu ilmi. Babban mutum a Rum yana ganin abin kunya ne ɗan asali ya zauna yana yi wa wani mutum aiki don albashi. Saboda haka aikin akawu da na ma'aji da na likita da na malamin yara, a gidajen manya, duk a wuyan bayi da 'yantattun bayi ya rataya. Akan zaɓi yaro mai kaifin basira tun yana ƙarami, a koya masa karatu da rubutu da lissafi cikin Latin da Girkanci. Irin wannan tarbiyya Tiro ya samu.

AIKINSA A GIDAN SISERO

Sisero mutum ne mai yawan aiki. Da safe yana karɓar masu kawo gaisuwa da masu neman taimako, da hantsi yana kotu ko Majalisar Dattawa, da dare kuma yana shirya jawabi ko littafi. Yakan yi shifta ko yana tafiya, ko yana bakin akushi. A kan allon katako da aka shafe da kakin zuma ake ɗaukar shifta, da wani tsinken ƙarfe mai kaifi, sa'an nan daga baya a kwafe ta da tawada a kan takardar da ake kawowa daga Masar, wadda ake yi da wata ciyawa ta bakin kogin Nilu.

Wasiƙun Sisero sun nuna cewa aikin Tiro ya wuce ɗaukar shifta. In masu kwafe littattafai suka kasa karanta rubutun hannun ubangidan, wurin Tiro ake aika su. Shi ne mai duba littafi kafin ya fita, mai shirya ɗakin karatu, mai kula da asusun gida, mai bin waɗanda Sisero yake bi bashi, mai lallashin waɗanda suke bin Sisero bashi. Har maganar mai hayar lambu da tsarin zaman baƙi a wajen walima sukan biyo ta wurinsa. A wata wasiƙa Sisero ya kwatanta shi da ma'aunin da yake gwada rubuce-rubucensa da shi, ko da yake a wasiƙar ce kuma ya tsokane shi a kan wata kalma da yake ganin ya sa ta inda ba ta dace ba.

Akwai wata shaida mai amfani a kan saurin hannunsa. A shekara ta 45 Sisero ya gaya wa amininsa Atikus cewa akwai wata wasiƙa mai wuyar tsarawa wadda bai yi wa Tiro shiftarta ba, sai ya yi wa wani magatakardan gaɓa-gaɓa, domin Tiro ya saba ɗaukar doguwar jimla ne gaba ɗaya. Wanda ya san tsawon jimlolin Sisero zai gane cewa ba da rubutun yau da kullum ake iya yin haka ba.

RANAR 5 GA DISAMBA, SHEKARA TA 63

A lokacin nan Rum jamhuriya ce, ba ta da sarki. Kowace shekara akan zaɓi mutum biyu su shugabanci ƙasa, ana kiran kowannensu konsul. A shekara ta 63 Sisero ya sami wannan muƙami, a cikinta kuma ya tona asirin makircin da wani ɗan babban gida mai suna Katilina ya ƙulla don ya ƙwace mulki da ƙarfi. Aka kama biyar daga cikin maƙarrabansa, ran 5 ga watan Disamba Majalisar Dattawa ta zauna don ta yanke abin da za a yi da su. Yuliyus Kaisar ya ba da shawarar a tsare su a ƙwace dukiyarsu, Kato kuwa ya tashi ya dage a kan kisa. Jawabin Kato ya rinjayi majalisa, a daren nan aka kashe mutanen.

Fulutak, marubucin nan Bagirke wanda ya rubuta tarihin manyan Rumawa fiye da shekara 150 bayan haka, ya ce a duk jawaban Kato wannan kaɗai aka adana. Dalilin da ya bayar shi ne, Sisero ya riga ya zaɓi magatakarda masu saurin hannu, ya sa an koya musu waɗansu ƙananan alamomi waɗanda kowace ɗaya take tsayawa a madadin haruffa da yawa, sa'an nan ya zaunar da su a wurare dabam-dabam cikin zauren majalisa. A faɗarsa, a ranar ce aka fara ganin wannan sana'a a Rum. Fulutak bai ambaci sunan Tiro a nan ba, ga ubangida ya ba da yabon, kamar yadda aka saba yi a zamanin. Marubutan baya ne, irin su Jerom da Isidoro, suka fito da sunan bawan.

Ba don nishaɗi Sisero ya nemi a rubuta abin da aka faɗa ba. Ya san kashe 'yan ƙasa ba tare da shari'a ba abu ne da za a tambaye shi wata rana, kuma rubutacciyar shaida ita ce garkuwarsa. Tsoron nasa ya tabbata, gama a shekara ta 58 abokan gabansa suka yi amfani da wannan kisa suka sa ya yi gudun hijira zuwa ƙasar Girka, aka rushe gidansa na Rum, sai a shekara ta 57 aka yarda ya komo.

YADDA ALAMOMIN SUKE

Tun kafin Tiro, Rumawa suna da al'adar taƙaita sunaye da kalmomin shari'a da harafin farko kawai, Girkawa ma sun gwada hanyoyinsu na rage tsawon rubutu. Isidoro, babban limamin Kirista na birnin Sabil a ƙasar Sifen, wanda ya rasu a shekara ta 636 Miladiyya, shi ne ya bar bayanin yadda abin ya bunƙasa. Ya ce wani Eniyus ne ya fara tara alamomi 1,100 na gama-gari. Tiro ne na farko a Rum da ya tsara alamomi na musamman, amma ya tsaya ne a kan ƙananan kalmomin nan da ake maimaitawa kullum a gaban suna, irin su daga, da zuwa, da cikin. Bayansa waɗansu suka ƙara nasu, cikinsu har da Akila, 'yantaccen bawan Mesinas, babban mashawarcin Sarki Augustas. A ƙarshe Seneka ya tattara duka ya tsara su, adadinsu ya kai 5,000. Isidoro ya kuma bayyana cewa a wurin taro magatakarda da yawa ne suke tsayawa tare, su raba maganar a tsakaninsu, kowa ya san inda zai kama da inda zai saki, daga baya a haɗa.

Littattafan da suka adana alamomin sun nuna yadda dabarar take. Akan ɗauki harafin farko na kalma, ko harafi biyu, a rage shi ya zama ɗan layi ko lanƙwasa da za a iya yi ba tare da ɗaga hannu ba. Wannan ita ce uwar alama. Da yake a Latin ƙarshen kalma yana sauyawa bisa ga aikinta a cikin jimla, sai a ƙara wata 'yar ƙaramar alama a gefe don ta nuna ƙarshen. Wurin da aka sa ɗigo, a sama ko a ƙasa ko a gefe, shi ma yana sauya ma'ana. Watau kalma ake haddacewa, ba sauti ba, shi ya sa koyon abin yake cin shekaru. An sami wata takardar yarjejeniya a Masar ta shekara ta 155 Miladiyya, inda wani mutum ya ba da bawansa ga malamin rubutun gaggawa na Girkanci don ya koya masa cikin shekara biyu, a kan ladan dirhami 120.

Manyan Rumawa sun ci moriyar wannan fasaha, amma ba su girmama masu ita ba. Seneka masanin falsafa, a ɗaya daga cikin wasiƙunsa, ya lissafa ta cikin abubuwan da ƙasƙantattun bayi suka ƙago, waɗanda a ganinsa ba su kai a kira su hikima ba.

'YANCI

Wani abu da ya bambanta Rum da sauran ƙasashen zamaninta shi ne, bawan da aka 'yanta bisa ƙa'ida yakan zama ɗan ƙasa. Hanyoyin 'yantawa uku ne: a gaban mai shari'a, inda ake taɓa bawan da sanda, ko ta sa sunansa cikin rajistar ƙidayar 'yan ƙasa, ko ta wasiyya. Gwamnati tana karɓar harajin kashi 5 cikin 100 na kuɗin bawan. Wanda aka 'yanta yakan aske kansa ya sa wata hula ta musamman, ya kuma ɗauki sunaye biyu na farko na ubangidansa ya haɗa da nasa. Yana da ikon jefa ƙuri'a da mallakar dukiya, amma ba shi da ikon tsayawa takarar manyan muƙamai. Bugu da ƙari, shari'a ta ɗora masa biyayya da hidima ga wanda ya 'yanta shi muddin ransa.

Mafi yawan masana sun ajiye 'yantar da Tiro a shekara ta 53. A watan Afrilu na shekarar yana kwance ba lafiya, Sisero yana ta aika masa wasiƙu yana ƙarfafa masa zuciya, yana tabbatar masa cewa alkawarin da ya yi masa zai cika a ranar da aka sa. Ya gaya masa cewa babban jarumin nan Pompi ya sauka a gidansa, ya nemi a karanta masa wani abu daga cikin sababbin rubuce-rubucensa, shi kuwa ya amsa cewa alƙalaminsa ya yi shiru tun da Tiro ba ya nan. Da aka cika alkawari, sunansa ya koma Markus Tuliyus Tiro. Kwintus, ƙanen Sisero, wanda yake bakin daga tare da Kaisar a ƙasar da ake kira Faransa yanzu, ya rubuto yana murna da cewa wansa ya zaɓi Tiro ya zama abokin gidan maimakon bawansa.

Kada wannan ya sa a ɗauka haka Sisero yake da kowane bawa. Sa'ad da shi Kwintus ya 'yanta nasa magatakardan mai suna Sitatiyus a shekara ta 59, Sisero bai ji daɗi ba, don yana ganin mutumin ya cika ƙarfi a kan ƙanensa. Haka kuma a shekara ta 46, da wani bawansa mai kula da ɗakin karatu, Diyonisiyus, ya kwashi littattafai ya gudu, Sisero ya yi ta rubuta wa gwamnoni a hayin teku yana roƙon su kamo masa shi. Ƙaunar da ya yi wa Tiro gaskiya ce, amma a cikin tsarin bauta ta tsiro, 'yancin ma bai sauya aikin ba. Washegari Tiro ya koma kan allonsa.

CIWO A FATRAS

A shekara ta 51 aka tura Sisero gwamna a lardin Kilikiya, a kudancin ƙasar Turkiyya ta yau, Tiro ya bi shi. A hanyarsu ta komowa, cikin watan Nuwamba na shekara ta 50, zazzaɓi ya kwantar da Tiro, dole aka bar shi a Fatras, wani gari na bakin teku a ƙasar Girka. Cikin mako guda da rabuwarsu Sisero ya aika masa wasiƙa shida, uku daga ciki a rana ɗaya. Ya damƙa shi amana ga wani ɗan kasuwa Barume mai suna Kuriyus, ya ce a ba shi duk kuɗin da yake bukata, a kuma yi wa likita ihsani don ya ƙara kula. Ya yi ƙorafi a kan romon da likitan ya ba mara lafiya alhali cikinsa bai daidaita ba. Ya gargaɗe shi kada ya yi garajen shiga jirgin ruwa cikin hunturu, ya jira matuƙi mai hankali. A cikin wasiƙun kuma yana ta lissafa irin hidimar da Tiro ya yi masa a gida da kotu da lardi da wajen karatu, yana cewa babbar hidimar da ta rage ita ce ya warke.

Yana can kwance ne yaƙin basasa ya ɓarke. A watan Janairu na shekara ta 49 Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon da rundunarsa ya nufo Rum. Wasiƙu biyu da Sisero ya aika Fatras a watan nan suna cikin muhimman shaidun da masana tarihi suke dogara da su a kan farkon yaƙin, gama ya zayyana wa magatakardansa halin da ƙasa take ciki kamar yadda zai yi wa ɗan majalisa.

SHEKARUN ƘARSHE NA SISERO

Sisero ya bi ɓangaren Pompi, aka ci su, Kaisar ya yafe masa. Da ya ga ba shi da sauran ta cewa a siyasa, sai ya duƙufa ga rubutu. Masifu kuwa suka yi ta bin gidan. Ya rabu da matarsa Terentiya bayan fiye da shekara talatin da aure, bashi ya yi masa katutu, sa'an nan a watan Fabrairu na shekara ta 45 'yarsa Tuliya ta rasu bayan haihuwa. A cikin wannan baƙin ciki ne, tsakanin shekara ta 46 da ta 44, ya rubuta mafi yawan littattafansa na falsafa, ɗaya na bin ɗaya, Tiro kuwa yana tsakanin tebur da kasuwa, yau gyaran littafi, gobe neman kuɗin da za a toshe bakin masu bin bashi.

Ran 15 ga Maris, shekara ta 44, aka kashe Kaisar. A watan Yuli na shekarar Sisero ya gaya wa Atikus cewa ba a tara wasiƙunsa wuri ɗaya ba tukuna, amma akwai kimanin 70 a hannun Tiro, yana kuma so ya duba su ya gyara kafin a fitar. Bai sami sukunin yin haka ba. A shekarar ce kuma Tiro ya sayi 'yar gonarsa. Ɗan Sisero, wanda yake karatu a birnin Atina, ya rubuto yana taya shi murna yana yi masa ba'a a kan zama manomi, ya kuma roƙe shi ya aiko masa da magatakarda Bagirke da zai riƙa kwafe masa darussa.

Sisero ya koma fagen siyasa ya yi jawabai 14 masu zafi a kan Markus Antoniyus. Da Antoniyus ya haɗa kai da Oktabiyan da Lefidus, sai suka fitar da jerin sunayen waɗanda aka halatta jininsu, sunan Sisero yana ciki. Ran 7 ga Disamba, shekara ta 43, sojoji suka cim masa kusa da gidan gonarsa na Formiya suka kashe shi. Aka kai kansa da hannunsa Rum aka kafe a kan dandamalin da ya saba yin jawabi. An kashe Kwintus da ɗansa a cikin kwanakin nan.

BAYAN MUTUWAR UBANGIDA

A nan ne babban aikin Tiro ya fara. Masu mulkin ƙasa su ne suka sa hannu a kisan, Oktabiyan kuwa shi ne ya zama Sarki Augustas daga baya, saboda haka raya sunan Sisero ba abu ne da zai jawo wa mutum tagomashi ba. Duk da haka Tiro ya zauna ya rubuta tarihin rayuwar ubangidansa, wanda bai gaza juzu'i huɗu ba. Ya tattara 'yan rubuce-rubucen da Sisero yakan yi kafin ya shiga kotu, ya kula da ingancin kwafin jawabansa, har ya zama shekara ɗari biyu bayan haka malamai suna kafa hujja da kwafin da ya bi ta hannun Tiro. Ana kuma danganta masa tara barkwancin Sisero cikin juzu'i uku. Masana da yawa suna ganin shi ne ya tsara wasiƙun da Sisero ya yi wa abokai da dangi cikin juzu'i 16, na ƙarshensu kuwa ya ƙunshi wasiƙu 27, kusan dukkansu waɗanda mutanen gidan suka rubuta wa shi Tiro ne.

A tarihin da ya rubuta ya kare mutuncin ubangidansa. Fulutak ya ruwaito cewa sa'ad da Terentiya take zargin Sisero da auren yarinya ƙarama saboda kyaunta, Tiro ya bayyana cewa don biyan bashi ya yi auren, gama yarinyar mai dukiya ce. Ya kuma yi rubutu na ƙashin kansa a kan ƙa'idodin harshen Latin da sauran fannonin ilmi, har ya yi ƙarfin halin sukar wani shahararren jawabi na Kato Babba. A cewar Jerom, a gonarsa kusa da Futiyoli, a bakin tekun Nafoli, ya ƙare kwanakinsa cikin tsufa.

MAGADANSA

Da jamhuriya ta faɗi aka koma mulkin sarakuna, sai sarki ya riƙa gudanar da daula kamar yadda babban mutum yake gudanar da gidansa, watau ta hannun bayinsa da 'yantattunsa. A zamanin Sarki Kalaudiyas, daga shekara ta 41 zuwa ta 54 Miladiyya, 'yantattun bayi ne suke riƙe da manyan ofisoshin fada: Narsisus a kan wasiƙu, Fallas a kan baitulmali, Kalistus a kan koke-koke. Sun tara dukiya mai ban tsoro, 'yan majalisa suna fadanci a ƙofarsu suna kuma ƙin su a zuci. Ƙarshen biyu daga cikinsu bai yi kyau ba, gama an tilasta wa Narsisus mutuwa a shekara ta 54, Sarki Nero kuma ya sa an kashe Fallas a shekara ta 62. Sannu a hankali sarakuna suka mayar da shugabancin ofisoshin nan hannun 'ya'yan manya, amma tushen aikin gwamnati na daular, 'yantattun bayi ne suka kafa shi.

Rubutun gaggawa kuwa ya yi ta yaɗuwa. An ruwaito cewa Sarki Titus yakan yi gasar sauri da magatakardansa don wasa. A dokar ƙayyade farashi ta Sarki Diyokletiyan, ta shekara ta 301, an yanke wa malamin rubutun gaggawa dinari 75 a wata a kan kowane ɗalibi, alhali malamin karatun farko 50 aka yanke masa. Kotuna da majami'u sun dogara da shi, da shi aka ɗauki muhawarar babban taron limaman Kirista da aka yi a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, a shekara ta 411. Sana'ar da Seneka ya raina ta ɗaukaka har shugaban magatakardan fada, wani mai suna Yohana, ya hau gadon sarautar yammacin daular daga shekara ta 423 zuwa ta 425.

Bayan rushewar daular, malaman zaure na Kirista a Faransa da Jamus suka riƙe alamomin, suka ƙara su har suka kai wajen 13,000 a ƙarni na 9, da sunan Tiro kuma aka san su. Daga ƙarni na 12 aka yi ta barin su. Sai a shekara ta 1588 aka buga littafin farko na rubutun gaggawa na Turanci a Ingila, a 1837 Isaac Pitman ya fito da tasa hanyar mai bin sauti, wadda sakatarori da masu buga tafireta suka daɗe suna koyo a ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da Nijeriya, kafin na'urar ɗaukar magana da kwamfuta su rage bukatarta.

Daga cikin dubban alamomin nan akwai guda ɗaya da ba ta mutu ba, mai kama da lamba 7, wadda take nufin kalmar da. Har yau ana ganinta a allunan kan hanya a ƙasar Ailan, inda ake rubuta ta cikin harshen ƙasar. Littattafan da Tiro ya rubuta da sunansa duk sun ɓace, sai 'yan gutsattsarin da waɗansu marubuta suka ambata. Wasiƙun da aka aika masa suna nan, amma amsoshinsa ko ɗaya ba ta saura ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsare maganar wani don kada ta salwanta, ta bakin waɗansu kaɗai aka san shi, abin da suka shaida a kansa kuwa shi ne ilmi da riƙon amana.